Aike ya iso a fashe: wa zai biya, kuma me za mu yi kafin mu sa hannu?

 Yau batun aike za mu tattauna. Mutum ya yi watanni yana tara guminsa, ya sayo wa iyaye salula, ko faifan sola, ko kan keken ɗinki, sai kaya su iso kwali a lotse, abin ciki a fashe. Mai aikowa ya ce lafiya lau ya ba da su, mai kawowa ya ce haka ya same su, daga nan zargi ya shiga tsakanin dangi. To, abin da muke so ku riƙe shi ne, haƙƙinku yana tsayawa ko ya faɗi a rana biyu: ranar da aka ɗaure kaya, da ranar da aka karɓe su.

Wahalar da kwali ke sha

Kwalin da ya taso daga ƙetare yana bi ta hannaye da yawa: gidan wayar can, filin jirgi, duwan, sannan gidan waya a Yamai. Daga nan sai mota. Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, da damina kuma ruwa na iya shiga. Ana ɗora kaya bisa kaya, ana saukewa cikin sauri. Wani lokaci sakacin ma'aikaci ne, wani lokaci kuma ɗaurin ne tun farko bai yi ba.

Me dokar gidan waya ta ce?

Gidajen waya na duniya suna da ƙungiya guda, UPU, wadda aka kafa a 1874, cibiyarta na birnin Bern na ƙasar Suwizalan. Nijar na cikinta, kuma Niger Poste ce ke wannan aiki a nan gida. Ƙa'idojinta sun ce idan kunshin kaya ya ɓata ko ya lalace a hannun gidan waya, akwai diyya, amma tana da iyaka.

Ana lissafin ne da wani ma'aunin kuɗi na duniya da ake kira DTS, wanda ɗaya ya kai kusan sefa 800, yana hawa yana sauka. Kunshin kaya na yau da kullum, iyakar diyyarsa DTS 40 ne, a ƙara DTS 4.50 a kan kowane kilo. Kwali mai kilo 10 ke nan ba zai wuce DTS 85 ba, wajen jika 68. Saƙo mai rajista kuwa DTS 30 ne. Kun gani, in salular jika 200 ce a ciki, sauran asarar taku ce, sai fa in mai aikowa ya bayyana darajar kayan ya biya inshora tun can.

A ƙa'ida mai aikowa ne ke da haƙƙin diyya, amma yana iya sallama wa mai karɓa a rubuce. Kuma wata shida ne wa'adin shigar da koke, ana ƙirgawa daga washegarin ranar da aka aiko. Ba a biyan diyya idan ɗaurin mai aikowa ne ya jawo ɓarnar, ko kuma abin da ke ciki haramtacce ne.

Ranar karɓa

Nan ne da yawanmu ke faɗuwa. Murna ta kwashe mu, mu sa hannu, mu ɗora kwali bisa kai ko bayan kabu-kabu, sai a gida mu ga ɓarna. Sa hannu ba tare da magana ba kamar ka ce ne kaya sun iso lafiya. Don haka:

Na ɗaya, ku duba kwalin ta kowane ɓangare kafin ku sa hannu. Ya lotse? Ya jiƙe? An sake manne shi? Ku ɗauki hoto da salula, lambar kunshin ta fito sarai.

Na biyu, in kun ga alama, ku nemi a buɗe a gaban ma'aikaci, a rubuta abin da aka gani a takardar karɓa, a ba ku kwafi. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗa ko maƙwabcin da ya iya.

Na uku, kada ku jefar da kwali, ko soso, ko ledar da aka naɗe kaya. Su ne shaidarku. Kada kuma ku kai abin wurin mai gyara kafin a gama magana.

Na huɗu, ku sanar da mai aikowa a ranar, ku tura masa hotuna, shi ma ya shigar da koke a can da resinsa. Lambar kunshin tana da alamomi 13: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da ya fito, kamar FR ko US.

In ma'aikaci ya ƙi saurarenku, kada a yi zagi ko cacar baki. Ku nemi ganin shugaban ofishin, ku ajiye koke a rubuce, ku karɓi shaidar cewa an karɓa, da kwanan wata. Maganar baki iska ce.

Aike ta motar safa

Mun san yawancin aikenmu na cikin gida a tasha yake bi, ba a gidan waya ba. A nan ƙa'idar UPU ba ta aiki, resin da aka ba ku shi ne yarjejeniyarku. Ku sa a rubuta abin da ke ciki da darajarsa, ku tambayi nawa kamfani ke biya in ya lalace. Ba wa direba ko yaron mota kaya a hannu, ba takarda, ya fi araha, amma ranar da abu ya fashe ba ku da inda za ku kama.

Batun bindiga

Muna da maharba a garuruwanmu, kuma wani zai iya tunanin ɗan uwa ya turo masa bindigar farauta ko wani sashe nata. A Amurka, inda cinikin bindiga ke bisa doka, akan aika ta daga jiha zuwa jiha, ta sauka wurin dillali mai lasisi. Can ma takan iso da ƙota a tsage, kuma abin da gidan wayarsu ke nema shi ne dai wanda muka lissafa: hoto, kwalin asali, shaidar saye, da koke cikin kwana 60.

Amma wannan a cikin ƙasarsu ne. Fitar da bindiga daga Amurka sai da lasisin gwamnati. A Nijar kuma riƙe bindiga ba izinin hukuma laifi ne, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa doka ba. Wanda ya ɓoye bindiga ko harsashi cikin kwali, ba maganar diyya ake ba: za a kama kayan, kuma wanda sunansa ke jikin kwalin shi zai fara amsa tambayoyi wurin jandarma. Kada ku jefa tsoho ko tsohuwa cikin wannan hali. Haka kuma kada kowa ya karɓar wa wani kunshin da bai san abin da ke ciki ba.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku sa kwali mai kauri, abin fashewa a naɗe shi daban, a cike gefensa har ya daina motsi in an girgiza. A sa leda saboda ruwa. Batirin salula ya zauna a cikin salular, kuma ku tambaya tukuna ko ana karɓarsa zuwa Nijar. Ku ɗauki hoton kaya kafin ku rufe. Ku rubuta gaskiya a takardar duwan, domin wanda ya rage daraja don gudun haraji, ya rage wa kansa diyya. Ku sa lambar wayar mai karɓa, tunda ƙauyukanmu ba su da lambar gida.

Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ku isar da wannan ga waɗanda ba su samu karantawa ba, a fada, a kasuwa, da bayan sallah. Allah ya kawo aike lafiya, ya bar zumunci.