Man Sarƙar Keke a Lokacin Damina

Da ruwan Agusta ya kankama a Kano ko Zariya, sarƙar keke takan fara kuka, ta wayi gari ja wur da tsatsa. Maganin da aka saba shi ne a roƙi baƙin mai wajen bakanike, wanda aka juye daga injin babur ko mota, a kwarara mata har ta riƙa ɗiga. Kukan yakan ɗauke, amma a ganina wannan ambaliyar mai ta fi ruwan saman saurin kashe sarƙa.

Dalilin yana cikin ƙirar sarƙar. Tsakanin kowane fil da na gaba da shi rabin inci ne, wato milimita 12.7, kuma gogayya tana faruwa ne a ciki, tsakanin fil ɗin da ƙaramin zoben da ke kewaye da shi. Can ne ake buƙatar mai. Wanda ya rage a waje ba ya komai sai kama datti. Tayar gaba tana watso taɓo kai tsaye kan sarƙa, ƙwayar yashi kuwa ta fi ƙarfen sarƙa tauri. Idan ta cakuɗe da mai ta kutsa ciki, sai ta riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Abin da masu gyaran keke ke cewa sarƙa ta buɗe ke nan: gaɓoɓin ne suka cinye har tsawonta ya ƙaru. Da ƙarin ya kai tsakanin kashi 0.5 da 0.75 cikin ɗari ake so a canza ta, in ba haka ba haƙoran firiwil su bi ta. A 1999 James Spicer da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada sarƙoƙi a ɗakin bincike mai tsabta, suka ga irin man da aka sa bai kawo wani bambancin kirki ba wajen ƙarfin da ke isa taya. Fahimtar Spicer ita ce babban aikin mai shi ne cike gurbin da datti zai shiga.

Shi ya sa mai marar kauri, irin mai bushewa da ake haɗawa da kakin kyandir, ya dace da ƙurar hunturu amma mamakon ruwa yakan wanke shi. Damina tana son mai kauri mai manne wa ƙarfe, ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, a juya feda baya, a bar shi ya shige, sannan a goge waje da tsumma sosai. Man feshi na WD-40 yana korar ruwa, sai dai ya cika tsinkewa, ba zai daɗe ba.

Wani zai ce baƙin mai kyauta ne, kwalbar man keke kuwa sai mai hali. Gaskiya ne, kuma ko baƙin man ya fi a bar sarƙa a bushe ta yi tsatsa. Amma ya riga ya kwaso baƙin hayaƙi da ɓarɓashin ƙarfe daga injin, wato da nasa dattin yake zuwa. Cokali guda na sabon man inji ya isa shafawa da yawa idan ɗigawa ake yi. Wani kuma zai ce goge-gogen ɓata lokaci ne ga mai kai kaya kasuwa da asuba. Wannan uzuri ya fi karɓuwa ga mai tsohon keke ƙirar Raleigh ko Phoenix da murfin sarƙarsa ke nan daram, domin murfin yana tare yawancin taɓon. Wanda ya cire nasa ya yar, kamar yadda samari ke yi, dole ya goge sarƙar duk ranar da ruwa ya dake ta.