Alkawarin Barin Wani Aiki a Idon Shari'a

Galibin yarjejeniyoyin da ke zuwa gaban alƙali a kan aikata wani abu ake ƙulla su, kamar sayar da gida ko gina shi. Amma akwai wani nau'in da mutum ke ɗaukar alkawarin ƙin aikata abin da yake da ikon aikatawa. Shin kotu za ta tilasta a biya mutum ladan abin da bai yi ba?

Dokar Ingila, wadda Amurka da Nijeriya suka gada, ba ta amincewa da yarjejeniya ta gama-gari sai kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin abin da zai karɓa. A shekarar 1869 wani Ba'amurke, William Story, ya yi wa ɗan ɗan'uwansa alkawarin dala 5,000 muddin ya guji giya da taba da ashar da caca har ya cika shekara 21. Yaron ya cika sharaɗin a 1875, amma baffan ya rasu a 1887 kuɗin na hannunsa. Mai kula da dukiyar mamacin ya ƙi biya, bisa hujjar cewa yaron bai yi asarar kome ba, hasali ma lafiyarsa ya gyara. A 1891 babbar kotun jihar Niyok ta yi watsi da wannan hujja. Ta ce wanda ya tauye wa kansa 'yancin da doka ta ba shi, don wani ya nema, lalle ya ba da abin musaya, ko da barin ya amfane shi.

Sai dai wannan ƙa'ida tana da iyaka, musamman inda alkawarin ya shafi sana'a. Thorsten Nordenfelt, maƙerin bindigogi, ya sayar da kamfaninsa, ya kuma yarda ba zai ƙera bindiga ko harsashi ba a ko'ina cikin duniya har shekara 25. A 1894 Majalisar Dattawan Ingila ta tabbatar da sharaɗin, domin cinikin makamai na duniya ne baki ɗaya. Amma ta bayyana cewa asalin hana mutum sana'arsa ɓatacce ne, sai in hanin bai wuce kima ba, bai kuma cuci jama'a ba.

Saboda haka ma'aikacin da aka nemi ya sa hannu cewa ba zai yi wa abokin gasar maigidansa aiki ba, wajibi ne ya duba tsawon lokacin hanin, da faɗin yankin da ya shafa, da abin da aka ba shi a madadinsa. Da waɗannan alƙali zai auna takardar.