Me ya sa fitilar sola ke ɗaukewa kafin asuba?

Jama'a, fitilar sola irin ta kan titi ba zafin rana take ci ba, haske take ci. Farantin da ke samanta, haske na sauka a kansa sai ya haifar da wuta, ta bi ta kwantirola ta taru a batir. Magariba na yi farantin ya daina bayarwa, kwantirola ta gane duhu ya shigo, ta kunna fitilar.

To yanzu hazo ya sauko, ƙura ta lulluɓe farantin, batir ba ya cika. Tsakar dare fitila ta ɗauke, daidai lokacin da ɓarayin tarwaɗa ke zagayen gona. Kafin ka sayi sabon batir, hau ka goge farantin da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya ɗau zafi.