Wa ke riƙe da ruwan Bakolori?

A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, don shayar da kusan hekta 23,000 a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Fiye da rabin filin an tsara masa ban ruwa na feshi, wanda ba ya aiki sai da famfo da lantarki. Da wuta ta yi ƙaranci, kayan gyara kuma sai an yo odarsu daga waje, famfunan suka tsaya, gonaki suka bushe alhali ga ruwa kwance kusa da su.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun 2014, ya sake lale. An yashe magudanai, an mai da wani sashen feshin zuwa ruwan da ke gangarowa da kansa, an kuma damƙa ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Shugabanninsu ke tara kuɗin ruwa, su tsara ranar da kowane layi zai sha, su hana na sama tare wa na ƙarshen magudana ruwa. A ganina nan ne aikin ya fi nauyi.

Ba a magudanai kaɗai ake buƙatar irin wannan kulawa ba. Tun cire tallafin fetur a 2023, dillalan famfon sola sun samu kasuwa a fadamu. Sai dai tunda rana kyauta ce, ana buƙatar mai sa ido kan yawan ruwan da ake zuƙowa daga rijiyoyin burtsatse.