Idan 'yar kyanwar gidan kaji ta ji rauni

Da yawanmu a nan Buji muna ajiye mage saboda ɓerayen sito, amma 'ya'yanta ne ke shan wuya: ƙofa ta datse su, buhun abincin kaji ya faɗo musu, ko tarkon ɓera ya kama ƙafa.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, don Allah kar a ba ta Panadol, ko da ɓarin ƙwaya ne. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Fuska za ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara, shikenan an rasa ta. Haka Dettol da Izal ɗin da muke wanke ɗakin kaji da su, guba ne gare ta, tunda lashe ciwon za ta yi.

Ni da tawul nake naɗe ta tukuna, don mage mai jin zafi ko mai ita tana cizo. In jini na zuba, na danne da tsumma mai tsabta kamar minti 5. Sai na wanke da tafasasshen ruwa da ya huce, rabin lita da gishiri cokalin shayi 1, na sa ta a kwali ta daina tsalle-tsalle.

In ƙafa na reto, ko dasashi ya yi fari, ko ta kwana ba fitsari, kar a tsaya ɗori da kara irin na akuya. A kai ta wajen likitan dabbobi a Dutse ko Birnin Kudu a ranar.