Halin Shel a Lokacin Zance, da Abin da Ya Shafi Rubutun Hausa

Shel wata manhaja ce wadda ke tsaye tsakanin mutum da kwamfuta kamar tafinta. Mutum ya rubuta umurni, ita kuwa ta fassara shi, ta miƙa wa na'ura, ta komo da amsa. Ken Thompson ya rubuta ta farko ta tsarin Unix a 1971 a Amurka, ta Stephen Bourne ta fito a 1979, sa'an nan Brian Fox ya fitar da Bash a 1989, wadda ita ce aka fi samu a kwamfutocin Linux.

Shel tana aiki ta hanya biyu. Akan rubuta umurnai a fayil a ba ta, ta bi su daga farko har ƙarshe. Akan kuma zauna gabanta ana ba ta umurni ɗaya ɗaya, tana amsawa. Wannan na biyu shi ne lokacin zance, kuma yana da ladubbansa.

Da fari takan nuna alamar $, watau ta ba mutum fagen magana. Ba ta aikata kome sai ya danna Enter. Ginin umurnin kuwa daidai yake da na Hausa, aikatau a gaba, karɓau a baya, kamar "kawo buhu". A ce magatakardan wata ƙungiyar manoman auduga a Funtua yana da sunayen mutanensa cikin fayil. In ya rubuta grep Bakori manoma.txt, sai ta fito masa da kowane layi mai ɗauke da sunan Bakori, ta sake nuna $ tana sauraro. Tana riƙe da umurnan da suka wuce, har a iya komo da su da maɓallin kibiyar sama. In aiki ya yi tsawo, Ctrl da C sukan katse shi. In aka karya mata nahawu a lokacin zance, takan koka ta sake ba da fage, alhali in a fayil ne takan tsaya cik. In kuwa aka ce ta kwafi fayil ko ta share shi, kuma aikin ya yiwu, ba ta cewa uffan. Shiru ma magana ce.

Inda abin ya shafi Hausa shi ne wajen alamar hamza, wadda ake rubuta jama'a da sana'a da 'yan da ita. A wurin shel wannan alama buɗe zance ce, kuma duk abin da ta buɗe sai wata irinta ta rufe shi. Saboda haka in magatakardan nan ya rubuta grep 'yan manoma.txt, ba zai ga amsa ba. Alamar > kaɗai zai gani, domin shel ta ɗauka bai gama magana ba, tana jiran ƙarashe. Mai koyo yakan zaci na'ura ta lalace, alhali Ctrl da C sun isa su fid da shi.

Wannan mai sauƙi ne, tun da yana bayyane. Wanda ya fi shi haɗari shi ne na kalma mai hamza biyu. In malamin makaranta a Malumfashi ya nemi kalmar 'ya'ya cikin rubutun ɗalibansa, hamza ta farko ta buɗe, ta biyu ta rufe, sai shel ta zubar da su duka biyu, ta miƙa yaya. Za a kawo masa layukan da ke maganar wa ko ya, da na tambayar hali, ba kuwa tare da wani gargaɗi ba. Mai ƙidayar kalmomi domin nazari zai iya kafa hukunci a kan lissafin da ba na kalmarsa ba ne. Haka nan sarari yake: sunan fayil kamar Kasuwar Funtua, abu biyu ne a wurinta. In an haɗa shi da rm, wanda ke sharewa ba tare da tambaya ba, to magana zarar bunu ce.

Maganin duka guda ne, watau a kewaye kalmar da alamar zance mai baki biyu, kamar haka: "'ya'ya". A ciki hamza takan zama baƙi kamar sauran baƙaƙe. Rubutun Jamhuriyar Nijar, wanda ke amfani da ƴ, ya kuɓuta daga rabin matsalar, amma hamzar jama'a tana nan a ƙasashen biyu.

Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su sa wannan a darasin farko, kafin ɗalibi ya taɓa fayil na gaske. Littattafan koyarwa da ake da su an rubuta su ne da misalan Turanci, inda wannan alama ba baƙi ba ce.