Amya Rumbun Ƙudan Zuma Ce

Jama'a, kowa ya san zaƙin zuma. To, amma me ya sa ƙudan zuma yake tara ta? Ba don mu yake tarawa ba. Abincinsa ce. Yadda manomi yake cika rumbu da hatsi, haka ƙudan zuma yake cika gidansa da zuma.

Gidansa

Ƙudan zuma yana son wuri mai duhu, wanda ruwa ba ya shiga. Shi ya sa yake zama a kogon kuka, ko cikin amyar da aka rataya a kan ɗorawa ko tsamiya.

A ciki yake gina saƙa da kaki. Kakin daga jikinsa yake fitowa. Kowane ɗaki na saƙar yana da kusurwa 6. Wasu ɗakuna na zuma ne, wasu na 'ya'ya.

Kowace amya tana da sarauniya ɗaya. Ita ce mai yin ƙwai. A rana ɗaya tana iya yin fiye da 1,000. Cikin mako 3 ƙwan ya zama ƙuda mai aiki.

Abincinsa

Ma'aikata su ne masu fita neman abinci. Suna tsotso ruwan zaƙi daga furen mangwaro, da kaɗanya, da ɗorawa, da riɗi. In sun kawo gida sai su zuba a saƙa, su yi ta fifita da fikafikai har ya yi kauri. Sannan su rufe da kaki. Wannan ita ce nunanniyar zuma.

Aikin ba ƙarami ba ne. Zumar da ƙuda ɗaya yake tarawa duk rayuwarsa ba ta cika ƙaramin cokali ba. Ita ce abin da suke ci idan fure ya yi ƙaranci, ko ruwan sama ya hana su fita.

Amfaninsa ga gona

Garin fure yana maƙalewa a jikin ƙudan, ya kai shi wani fure. Ta haka kabewa da kankana suke ƙulla 'ya'ya. Inda ƙudan zuma ya ragu, amfanin gona ma yakan ragu.

Abin da ya kamata mu yi

Kada mu cusa wuta cikin amya. Wuta tana kashe sarauniya da 'ya'ya, ga kuma haɗarin gobarar daji. Hayaƙi kaɗan ya isa.

Mu yanki saƙar da aka rufe kawai. Mu bar mai 'ya'ya, mu kuma rage musu zumar da za su ci.

Kada mu yi feshin maganin ƙwari da rana lokacin da shuka take fure. In ya zama dole, a bari sai yamma liƙis.

Wanda ya ƙone amya sau ɗaya zai sha zuma. Wanda ya rage wa ƙudan abincinsa, baɗi ma zai sha.